Tutar Rumbu da Kwado

Ni na ɗinka musu tuta,
don haka ni zan ba da tarihinsu.
Masu rubuta littattafai ba su san da su ba,
ni kuwa ina da littafin bashi.

An haife ta wata Laraba
a zauren Alhaji Labbo Maigero,
bayan tashar jirgi, nan Ƙauran Namoda,
inda buhuna suka fi mutane daraja.
Dattawa tara, shayi buta guda,
aka raɗa mata suna ba rago:
Jam'iyyar Riƙon Gado.

Manufarta ba ta cika shafi ba.
Gona ta mai gona ce,
ɗan ƙwadago ya tsaya a ƙwadagonsa.
Kada a taɓa mudu, kada a duba sikeli.
Yaro ba shi da baki in babba na zaune.
In an ce: Jiya ta fi yau!
Sai a amsa: Gobe ta jira!

Suka zo shagona da bandir biyu, kore shar.
Ɗan'ige Mai Sikeli ya zana da yatsa a ƙasa:
rumbu, a bakinsa kwado.
Na ce, Alhaji, makullin fa?
Ya daki aljihu, ya yi dariya.

Kwana sha ɗaya keke na kuka.
Allura bakwai na karya,
Kuluwa na riƙe min aci-balbal
har hayaƙi ya sa mata tari.
Tuta ɗari uku da arba'in.
Aka ce in zo bayan zaɓe.

Gangami ɗaya suka yi na kirki,
a filin ƙwallo, farkon damina.
An kwaso mutane a akori-kura,
an raba gero tiya-tiya.
Masu nome musu gonaki
suka ɗaga hannu suna Jiya ta fi yau,
su da jiyan ba ta bar musu komai ba
sai kanta a tafin hannu.
Hadari ya taso daga gabas,
lasifika ta shaƙe,
koren ya zuba, ya rine farar rigar shugaba.

Ba 'yan hamayya suka kashe ta ba.
Tsarinta ya ce mafi shekaru shi ne gaba.
Labbo ya ce an haife shi shekarar da jirgi ya iso.
Ɗan'ige ya ce yana goye ya ga hayaƙinsa.
Aka ɗauko tsohuwa Inno Tamakka ta raba gardama.
Ta dube su, ta tofar da goro:
Duk biyun na yi muku wanka,
duk biyun kun jiƙa min zane,
ban riƙe wanda ya riga ba.

Sai ta tsage kamar tsohon yadi:
ga Riƙon Gado ta Asali,
ga Riƙon Gado ta Ainihi.
Takardun rajista na kwance a bayan mota
har wa'adi ya wuce.
Wata bakwai.
Bakwaini ce, ba ta yi rai ba.

Ofishin yanzu injin markaɗe ne a ciki.
Allon sunan ya koma murfin akurki.
Tutocin kuwa na gan su da kaka
ɗaure a kan kara cikin gero,
suna korar tsuntsu.
Can suka sami aikin da aka haife su dominsa:
tsare hatsi kada mai yunwa ya taɓa.

Labbo ya riga mu, Allah ya jiƙansa.
Ɗan'ige ido ya tafi, yana zama bakin masallaci.
In na gaishe shi sai ya kama hannuna:
Nomau, ban faɗa ba? Jiya ta fi yau.
In ce, gaskiya ne, Alhaji.
Jiya kuɗin da nake binku na sayen sa,
yau ko zare ba sa saya.

Ban tambaya ba, ban kuma soke ba.
Ko'ina jam'iyyar ta mutu
ban da shafi na sha huɗu a littafina,
inda har yau take da rai,
tana jiran bayan zaɓe.